Idan Magana Ta Yi Zafi: Yadda Ake Bi da Saɓani Har a Kai ga Matsaya

Yawancin rigimar da ke kai 'yan uwa gaban mai unguwa, ko ta kai mata da miji ofishin Hisba, ƙaramin abu ne tushenta. Bashin naira dubu hamsin ne, ko kwatar da ke malala ƙofar gidan maƙwabci, ko gidan gado da wani ke cewa a sayar wani ke cewa a bari. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a fara magana ta inda ya kamata a ƙare. Mutum yakan shigo da hujja a baki, yana so a san shi ne mai gaskiya, alhali wanda yake gaya wa ya riga ya hau dokin zuciya, ba abin da yake ji sai ƙarar murya. Hujja tana da gurbinta, amma a can gaba. Kafin ta sai an sauke zafin jiki, an zaɓi wuri da lokaci, an killace magana a kan abu ɗaya, an kuma saurara har ɗayan ya gamsu cewa an ji shi.

Mataki na farko: duba jikinka

Fushi a jiki yake farawa. Da zarar rai ya ɓaci, jiki yana sakin sinadarin adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya taƙaita, maƙogwaro ya bushe. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam da ya shafe shekaru yana auna ma'aurata suna gardama a Jami'ar Washington ta Amurka, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura kimanin 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya saurare yadda ya kamata, kuma jiki na bukatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko. Zaman aurensu daban, namu daban, amma jiki iri ɗaya ne.

Kana iya aunawa da kanka. Ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Idan ka sami 25 ko fiye a daƙiƙa 15 kana zaune, ka kai. A tsakiyar cacar baki dai ba mai tsayawa ƙirga, don haka ka san alamominka tun kafin ranar: wani muryarsa ce ke rawa, wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wani sai ya ga ya miƙe tsaye bai sani ba, wani kuma ya fara maimaita jimla ɗaya da ƙarfi. Idan ka ga biyu daga cikinsu, ka tsayar da magana.

Abin da sunna ta koyar a nan aiki ne na jiki kai tsaye: wanda ya yi fushi a tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, ya yi alwala. An kuma hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In alƙalin da ba ruwansa da rigimar aka hana, ina ga mai ita?

Tsayar da magana yana da salo, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ka juya baya ka fice ka banko ƙofa, ɗayan zai ɗauka raini ne, ya biyo ka ko ya ƙullace ka. Faɗi abu uku kafin ka tashi: dalili, da lokacin dawowa, da tabbacin cewa maganar tana nan. "Raina ya ɓaci, ba na so in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Bari a yi Magariba, in na dawo mu ƙarasa." Lokutan salla sun dace da wannan ƙwarai, domin ba mai ganin laifin wanda ya tashi don salla, ga alwala, ga tazarar da ta kai minti ashirin ko talatin. Sai dai ka dawo a lokacin da ka faɗa. In ka saɓa sau ɗaya, gobe ba wanda zai bar ka ka tashi. Kada kuma hutun ya wuce kwana ɗaya, in ba haka ba ya rikiɗe ya zama gaba.

Idan babba ne ke maka faɗa, mahaifi ko kawu ko suruki, ba a ce masa a dakata. Sunkuyar da kai, ka bar shi ya sauke, sannan ka ce: "Baba, a yi haƙuri, na ji. In an ba ni izini, da safe zan zo in yi bayani." Bayanin da ka yi yana tsakiyar faɗa, ko da gaskiya ne, rashin kunya za a kira shi.

Abin da ka yi a cikin hutun shi ke nuna ko ya yi amfani. Wanda ya zauna yana tsara martani, yana tuno laifukan bara da bariya, zai dawo da zafin da ya fi na farko. Haka wanda ya kira abokin da ya san ɗan zuga ne. Akwai kuma zaton cewa in ka amayar da fushi, ka yi ihu ko ka naushi wani abu, zai fita. Masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio sun tattara nazarce-nazarce 154 a shekarar 2024, suka ga abin da ke rage fushi shi ne abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali da natsuwa, ayyukan da ke ƙara tayar da jini kuwa galibi ba sa rage shi. Don haka ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida ko takwas, sau goma.

Mataki na biyu: wuri, lokaci da 'yan kallo

Maganar da mutum zai karɓa ku biyu a ɗaki, ita ce zai yi rantsuwa a kanta a majalisa. A gaban jama'a ba batun yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa. Kada a tayar da saɓani a gaban yara, ko kishiya, ko masu sayayya a shago, ko yaran gida. Maƙwabcin da kwatarsa ke damun ka, kada ka tare shi a ƙofar masallaci. Yi sallama da shi a gida, ku koma zaure.

Lokaci ma haka. A guji mai yunwa, da wanda ya shigo gida yanzu bai ko cire takalmi ba, da mai azumi bayan La'asar, da tsakar dare. Ka sanar tun da wuri, ka faɗi kan maganar: "Akwai batun kuɗin shago da nake so mu duba, yaushe kake da sarari?" Cewa "ina da magana da kai" kawai, ba tare da faɗin a kan me ba, yana sa mutum ya kwana yana shirin kare kai.

A zauna duka, a kan abu ɗaya, tabarma ko kujera. Kada wani ya tsaya a kan wani, kada a tare ƙofa. A kife waya. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda; in ba a gama ba a sa wata rana.

Mataki na uku: jimlolin farko

A wani nazari da Gottman da Sybil Carrère suka fitar a 1999 kan sababbin ma'aurata 124, yadda minti uku na farkon gardama suka kasance ya nuna waɗanda aurensu zai mutu cikin shekara shida. Maganar da ta fara da tsinke da wuya ta ƙare da lalama. Saboda haka ka shirya buɗewarka tun kafin zama, ka gina ta a kan abu uku: abin da ya faru da rana da adadi, abin da ya jawo maka, da abin da kake nema.

Ga yadda aka saba: "Kai dai ba ka da amana, kullum haka kake, in ka karɓi kuɗin mutum sai an yi bara." Ga wata hanyar: "Malam, dubu tamanin ɗin nan mun yi da kai ƙarshen watan jiya. Yau sati uku ke nan, kuma da su zan biya kuɗin makarantar yara. Ina so mu tsayar da ranar da za ka iya." Ta farkon hukunci ce a kan halinsa, ba abin da zai yi da ita sai musu. Ta biyun ta ba shi abin da zai amsa.

Matar da ke jin zafin daɗewar miji a waje, in ta ce "ka mai da gidan nan masauki", ta buɗe ƙofar sa-in-sa. In ta ce "Maigida, daren jiya da shekaranjiya sai bayan sha biyu ka shigo, ban iya barci ba don tsoro. In za ka daɗe ka kira ni", ta nemi abin da za a iya yi mata gobe.

Akwai kalmomin da ya kamata a cire gaba ɗaya. "Kullum" da "ba ka taɓa" na farko, domin mutum zai nemo rana ɗaya da ya yi, gardama ta koma can. Sai "dama halinka ne". Sai sako iyaye da dangi: "haka ake yi a gidanku". Sai gori, wato lissafa alherin da ka yi masa, wanda ke rushe alherin ya kuma bar tabo. Habaici da gugar zana suna cikin layin, don mai habaici yana jifa ne ya ɓoye hannu, ɗayan kuma ba shi da abin kamawa ya amsa. Mafi muni shi ne raini: tsaki, harara, yatsina, kwaikwayon murya, dariyar ƙeta. A binciken Gottman, raini ne kan gaba wajen nuna auren da zai mutu. Tsaki ɗaya yana iya share bayanin minti goma.

Kuma abu ɗaya a zama ɗaya. In ɗayan ya jawo wani tsohon zance, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka bi shi: "Wannan ma magana ce, za mu zo kanta. Mu gama da ta kuɗin tukuna."

Mataki na huɗu: saurare har ya ce "haka ne"

Wannan shi ne mafi wuya, kuma shi ya fi sauke mutum. Bar shi ya yi magana minti uku zuwa biyar ba katsewa, ko da ka ji ya faɗi abin da ba haka ba ne. In kana tsoron mantawa, riƙe a yatsa ko ka rubuta. Da ya tsaya, kada ka fara da naka. Mayar masa da abin da ka ji da kalmominka: "In na fahimce ka, ba jinkirin ne ya fi ɓata maka rai ba, yadda ka ji labarin a bakin wani ne. Haka ne?" In ya ce a'a, ya gyara, ka sake maimaitawa. Sai ya ce "haka ne" sannan ka karɓi magana.

Mutane suna gudun wannan don suna ganin maimaita maganar abokin gardama amincewa da ita ne. Ba haka ba ne. Ka nuna ka ji ne kawai. Mai ɗaga murya sau da yawa yana ɗagawa ne don yana ganin ba a ji shi ba, da ya tabbata an ji sai muryar ta sauko da kanta. Inda ake ɓata shi wuri biyu ne: a maimaita da gatse, ko a maƙala "amma" nan take. "Na ji, amma" daidai yake da ban ji ba. Ka yi shiru na numfashi biyu, sannan ka ce "to ga yadda abin yake ta wajena."

Ka nemi ɓangaren maganarsa da yake gaskiya, ko ɗan kaɗan ne, ka amsa shi a fili: "Nan kam ka yi gaskiya, ya kamata in kira ka." Wanda aka amsa masa ɗaya yakan sassauta a kan na biyu. Wajen tambaya kuma, "yaya aka yi" ta fi "me ya sa ka". Ta farko tana neman labari, ta biyu tuhuma ce.

Mataki na biyar: gano wace irin rigima ce

Ba kowane saɓani ne ake warwarewa da magana ba, kuma awanni suna ɓacewa a kan abin da takarda ɗaya za ta kashe. In a kan abin da ya faru ne, nawa aka biya, ina iyakar gona, a daina musu a nemo shaida: saƙon banki, littafin shago, takardar fili, dattijon da aka yi a gabansa. In a kan hukunci ne, a yarda da malami ko lauya ɗaya tun kafin a ji amsarsa. In an fara jin amsa sannan a zaɓi mai amsawa, kowa zai kawo nasa. In mutunci aka taɓa, kuɗi ba ya gyarawa, sai ban haƙuri. In kuwa bukatu ne suka ci karo, nan ne ake ciniki, kuma nan ya kamata a daɗe.

Ɗauki misalin gidan gado. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, da gida da ya kai naira miliyan 16 bayan an fitar da bashi da wasiyya. Rabon a bayyane yake: matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2, saura miliyan 14 a kasa bakwai, kowane namiji miliyan 4, kowace mace miliyan 2. Wannan ba abin tattaunawa ba ne. Rigimar tana wani wuri: ƙane ya ce a sayar, wa ya ce sai bayan ransa. In aka tsaya a kan waɗannan kalmomi biyu, shekara goma ba a gama ba.

Tambayar da ke buɗe hanya ita ce: in an yi yadda kake so, me zai biya maka? Sai ka ji ƙanen yana cewa, "Yaya, jari nake nema, shagona ya kusa rufewa." Wan kuma ya ce, "In an sayar, ina Inna za ta zauna?" Ashe ɗaya kuɗi yake so, ɗaya matsugunin uwa, kuma biyun suna iya samuwa tare. A kira dillalai biyu da ba su san juna ba su yi wa gidan kuɗi, a ɗauki tsakiya. Wa da 'yan uwa matan da ke da hali su sayi kason ƙanen, miliyan 4, a biya shi miliyan ɗaya duk wata uku, na farko a ranar sa hannu. Wurin da irin wannan sulhu ke rushewa shi ne ƙimar gida: in dillalin wa ne kaɗai ya yi kuɗi, ƙane zai ce an karya, ko da ba a karya ba. Wuri na biyu shi ne a yanke wa mata hukunci ba a tambaye su ba, a ce ai sun yafe. A tambayi kowace ita kaɗai, ba a gaban yayyenta ba.

A batun bashi, ka zo da zaɓi biyu ko uku maimakon ɗaya: biya kashi-kashi, jingina, ko rangwame in za a biya yanzu. Lokacin da muryoyin Ka'abu bin Malik da Ibn Abi Hadrad suka tashi a masallaci a kan bashi, Annabi (SAW) ya yi wa Ka'abu ishara ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Rangwame a gefe ɗaya, gaggawar biya a ɗaya gefen. Wani lokacin kuma kalma ce kawai ta tokare. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Suhailu bin Amr ya ƙi a rubuta "Manzon Allah" a takarda, aka goge aka rubuta "Muhammadu ɗan Abdullahi", yarjejeniya ta tabbata. In wanda kuke rigima ba zai iya furta "na ci bashi" ba amma zai sa hannu a kan "akwai ragowar kuɗi", karɓi kuɗinka ka bar masa kalmar.

In ta sake kamawa a tsakiya

Za ta kama, ko an bi duk abin da ke sama. In ya ɗaga murya, kai ka rage taka, ka rage gudun magana, ka kira shi da sunan girmamawa: "Alhaji, ina jin ka." Kada ka ce masa "kwantar da hankalinka" ko "me ya yi zafi", su ne ke ƙara tunzura mai fushi. In ya yi zagi, ka ja layi sau ɗaya ba tare da ramawa ba: "Zan ci gaba da magana, amma ba da zagi ba." In ya sake, ka tashi da irin sallamar da aka faɗa a farko. In ya yi gum ya ƙi magana, sau da yawa cika ya yi, ba taurin kai ba ne. Matsa masa ba ya fito da komai, ba shi lokaci. In kuka ya zo, a dakata a ba da ruwa, kada a ce "kukan me" kuma kada a janye batun don an yi kuka.

Abu biyu ne ba a bari su fita daga baki a cikin zafi: rantsuwa da saki. Wanda ya ce "wallahi ba zan ƙara taka gidanka ba" ya ɗaure kansa, gobe ko yana son sulhu sai ya yi kaffara, ga kuma kunyar janyewa. Saki ya fi haɗari, domin a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a ke bi a Arewa, fushin da aka saba ba ya hana shi aukuwa. Miji ya sa wa kansa doka cewa kalmar ba ta fita a ranar da aka yi faɗa. Matar kuma ta bar "in ka isa ka sake ni", don an sha yi wa namiji wannan ƙalubale ya amsa, su biyun su kwana suna kuka.

Ban haƙuri

Mai aiki yana da gaɓa uku: ka ambaci laifin da sunansa, ka amsa abin da ya jawo, ka faɗi abin da za ka canza. "Na yi maka tsawa a gaban yaranka, ban kyauta ba, na zubar maka da girma. Nan gaba in akwai magana zan kira ka gefe." Irin su "in ma na yi maka laifi ka yi haƙuri" ko "ka yi haƙuri amma kai ka jawo" ba su kai ba. Laifin da aka yi a bainar jama'a, a ba da haƙurinsa a gaban waɗanda suka gani. Ƙarami shi ke zuwa wajen babba ko da shi aka ɓata wa, amma babban da ya san shi ne da laifi ya sauƙaƙa zuwan, ya kuma faɗi kalmar da bakinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Mai shiga tsakani

In an zauna sau biyu ana tashi a wuri ɗaya, a nemi na uku. Sharaɗinsa: duka biyu sun yarda da shi, ba shi da riba a sakamakon, kuma bakinsa yana riƙe sirri. A rikicin aure, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara mutum biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga na mata. A zaɓi masu sanyi, ba waɗanda suka fi kowa kishin ɗansu ba. Irin wannan tsari na mutum biyu yana aiki har a rikicin da ya haɗa mabiya addinai daban-daban. Misali, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun fara aikin sasanci tare a Kaduna tun 1995.

Mai sulhu ya fara ganin kowa shi kaɗai, ya ji ta bakinsa, ya tambaye shi abin da zai iya bari da abin da ba zai iya ba. Kada ya kai wa ɗaya baƙar maganar ɗaya. Ya kai alherin da ya ji. Ranar haɗuwa ya shimfiɗa ƙa'ida tun farko: ba katsewa, ba zagi, kowa da shi zai yi magana ba da abokin rigima ba, har sai an huce. 'Yan rakiya kada su wuce ɗaya ko biyu a kowane gefe.

Babbar cutar sulhunmu ita ce "a yi haƙuri" tun ba a ji komai ba. Dattawa su taru, a yi nasiha, a sa ƙarami ko mace ko talaka ya ba da haƙuri, a shafa fatiha, a watse, bashin yana nan, kwatar tana nan. Bayan wata biyu a dawo da wadda ta fi ta da. Haƙuri yana zuwa ne bayan an fitar da haƙƙi an ce wa mai laifi ya yi laifi, ko da shi ne babba. Sulhun da zai halatta haram ko ya haramta halal ba ya cikin wanda shari'a ta yarda da shi, kuma danne haƙƙin mai rauni da sunan zumunci yana cikinsa.

In ta fi ƙarfin dangi, akwai mai unguwa, dagaci da hakimi, akwai shugabannin kasuwa ga 'yan kasuwa, akwai Hisba a jihohin da ke da ita. Akwai kuma sashen sasanci na kotu da ake kira Multi-Door Courthouse, wanda Legas ta fara a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009. Yarjejeniyar da aka cimma a can, in alƙali ya sa mata hannu, tana da ƙarfin hukunci. A Nijar sarakunan gargajiya suna da hurumin sasantawa a doka.

Rigima a waya

Rubutu ba ya ɗauke da murya, don haka mai karatu yana sa masa muryar da ke ransa. Saƙon murya na minti bakwai da aka yi cikin fushi kuma yana nan, a tura wa dangi, a sake saurare bayan shekara. In an yi musayar zafi sau biyu a WhatsApp, a kira ko a haɗu. A zauren dangi ko na tsofaffin ɗalibai, kada a amsa a fili, a bi mutum ta gefe. Mai kula da zaure ya rufe shi na 'yan awanni in ta kama. Abin da aka ce an ce, a tambayi mai shi kafin a hau.

Mataki na ƙarshe: rubutawa da bibiya

"Shi ke nan, komai ya wuce" ba matsaya ba ce. Kafin a tashi, a faɗi wa zai yi me, nawa, yaushe, kuma me za a yi in bai yi ba. Kowa ya maimaita da bakinsa, don a nan ake gano cewa ɗaya ya ji ƙarshen wata, ɗaya ya ji bayan Salla. Duk abin da ya shafi kuɗi ko fili ko gado a rubuta, da kwanan wata, da sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonsa a waya. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne a tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A sa ranar dubawa, sati biyu ko wata ɗaya, ko da komai yana tafiya daidai.

Akwai saɓanin da ba ya ƙarewa, na ra'ayin siyasa, na fahimtar addini, na bambancin hali. A irin wannan matsayar ita ce a yarda inda ba za a taɓo shi ba, wajen cin abinci ko a zauren dangi, a ci gaba da gaisawa.

Duk waɗannan matakai na mutanen da ke iya zama lafiya ne a ɗaki ɗaya. Inda akwai duka, ko barazana da makami, ko mutum yana cikin maye, ko ɗaya yana tsoron ɗaya har ba ya iya faɗin gaskiya, ba a zaman mutum biyu. A fice zuwa inda jama'a suke, a sanar da waliyyi ko hukuma, a Najeriya a kira 112 in akwai haɗari. Matar da aka daka, kada a mayar da ita ɗakin a daren da sunan sulhu. A fara kai ta asibiti, a rubuta raunin, sannan a yi maganar zama a gaban wanda ke da ikon tsawatarwa.